Furen Kuɓewa a Shingen Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, mai fentin motoci a bakin tashar Gazawa, ya rasu wata Talata a tsakiyar bazara, a kan tabarmarsa, bayan ya sallame azahar. Ba mota ce ta kashe shi ba. Na faɗi wannan tun da fari ne domin shi ne abin da masu gaisuwa suka yi ta tambaya, sai ka ce ba su yarda akwai wata mutuwar da ta san hanyar gidansa ba in ba ta kwalta ba.

Ranar sadakar uku na ga abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba. Wani tsohon direba daga Agiye ya durƙusa gaban maza, ya yi addu'a, aka shafa, sai ya sunkuyo da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kara nawa ya bari?" Aka ce masa uku. Ya tuɓe hula ya shafa kansa, ya maimaita, "Uku." Bai ko taɓa furar da aka ajiye masa ba. Wata mata kuma daga Gidan Rumji ta sauka a mota, ba ta nufo gida ba, sai da ta fara zuwa shingen Kawu ta ɗora tafin hannu a kan kwano ta daɗe tsaye, sannan ta shigo ta yi mana gaisuwa. Liman ya yabe shi, ya ce bai san ranar da jam'i ya wuce shi ba, daga nan ya yi gyaran murya ya bar sauran maganar a ciki. Inna kuwa, mahaifiyata, abu guda take ta faɗa wa duk wadda ta zauna kusa da ita: "To yanzu wa zai san wanne ne na wa?"

Wanda bai san tasharmu ba sai na yi masa bayani. Ni mai tuwo ce, shekara tara ina tuƙi a bayan shingen nan, saboda haka ba labari aka ba ni ba.

Rumfar da Kawu ke aiki an kewaye ta da tsofaffin kwanukan rufi, falle bakwai, an buga su jikin itace. Aikinsa na neman abinci shi ne rubuta wa motoci kirari da yi musu ado. Amma duk ranar da hanya ta ci wani, direba ne ko fasinja, muddin daga tasharmu ya tashi, Kawu zai ajiye aikin da ke gabansa, ya saɓa sanda ya shiga bayan gari. Abin da ya tarar yana fure a ranar shi zai tsinko, ya kawo ya ajiye a murfin gwangwani, ya yi ta kallonsa, sannan ya zana shi a jikin kwano. Ba suna, ba fuska, ba kwanan wata. Wanda ya rasu da damina sai ya samu furen wake ko na riɗi. Na kaka, furen yakuwa. Na bazara, furen dogon yaro, ƙanana farare. Tsakiyar rani kuwa, da daji ya bushe ƙurmus, babu mai fure sai tumfafiya, shi ya sa tumfafiya ta fi komai yawa a shingen. Sunayen duk suna kansa. Ka nuna masa kowane fure, zai gaya maka wane ne, ɗan wa ne, da kwanar hanyar da abin ya faru.

Wani malami ya taɓa tsayawa ya ce masa wannan ba al'adarmu ba ce, mu addu'a muka sani. Kawu ya ce, "Gaskiya ne, Malam. Ai tunda ka tsaya, ga su nan, yi musu." Malam ya ɗaga hannu, direbobi suka shafa.

Abin da ya tsorata mutane ba furannin ba ne, kararen ne. Koren fenti shi ne mai wuyar samu a wajenmu, kuma in ka buɗe gwangwani a zafin nan, kwana biyu ya yi fata, na uku ya daskare. To Kawu mutum ne da ba ya iya ganin abu ya lalace. Duk sanda ya gama yi wa wata mota ado kore ya rage, sai ya je jikin shinge ya ja kara biyar ko shida, da ganyensu, ya bar kawunan babu komai. Dalilin ke nan, wallahi babu wani, a gabana yake yi. Amma ka je ka gaya wa direban da ya fito da sassafe ya ga kara shida sabbi fil suna tsaye suna jira! Akwai masu zagayawa ta bayan masallaci don kada idonsu ya faɗa a kai.

Rannan shugaban direbobi ya zo da mutum huɗu, ransa a ɓace. Ya ce, "Baba, don girman Allah ka goge waɗannan, kana kira mana mutuwa." Kawu na tsugune yana wanke buroshi cikin kananzir, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Ni asarar fenti nake gudu. Kai je ka duba tayarka ta baya, ta fi tafin hannuna sulɓi." Aka yi dariya kaɗan. Sai ya yarfe buroshin ya ƙara da cewa, "Kara ba ya kiran kowa. Sai dai ban taɓa jan wanda ya shekara babu fure ba." Dariyar ta tsaya nan take. Ni kaina da nake jin su ta bayan kwano sai da na ajiye muciya.

Maigidana direba ne, yana ɗaukar 'yan kasuwa daga nan zuwa Gidan Rumji. Cikin tsakiyar wata damina taya ta fashe masa gab da shiga garin. Mutanen ƙauyen da ke bakin hanyar, Allah ya saka musu, suka yi masa sutura suka rufe shi a ranar. Kafin labari ya iso mini an shafa fatiha an watse. Ban ga gawarsa ba, ban san kushewarsa ba, ko da na sani ma mace ba ta zuwa. Ya fita da safe yana tsokanata a kan gishirin miya, shi ke nan.

Da na fita takaba na koma tasha, sai na kasa aiki. Murhuna a lokacin yana kallon kwalta, duk motar da ta tashi sai in saki muciya in bi ta da ido. Kawu bai ce mini ki yi haƙuri ba, ai masu cewa haka sun ishe ni. Wata safiya na zo na tarar ya kwashe duwatsun murhun da tukwanena ya mai da su bayan shingensa, inda ba a hango hanya ko kaɗan. Na zauna a kujerata, ina ɗaga ido sai ga shi daidai fuskata, a fallen ƙarshe, ta ciki inda ba kowa ke gani ba: furen kuɓewa, rawaya mai haske, tsakiyarsa ja mai duhu. Ashe ranar da abin ya faru ya je gonar bayan tasha ya tsinko. Inna ta ce kwana uku ya yi yana haɗa jan nan bai gamsu ba. Ya tsaya bayana ya ce, "Ɗiyata, na gona da safe yake buɗewa, kafin la'asar ya rufe. Wannan ba zai rufe ba." Daga nan ya ce in zuba masa tuwo, miyar kada ta yi gishiri.

Zan faɗa ba kunya: furen nan shi ne kushewar da nake da ita. Kowace safiya kafin in hura wuta nakan yi masa addu'a ina kallonsa, wani lokaci har in ba shi labarin yara. Mai dariya ya yi.

Kawu yana da taurin kai a kan sana'arsa. In an sayar da mota sabon mai ita ya ce a shafe sunan tsohon da sauri, sai ya ƙi. Sai an kankare har ƙarfe ya fito. Yakan ce, "Tsohon fenti ba ya mutuwa, kwanciya yake yi." In kuma wani mai son arha ya ce a shafa farar ƙasa kawai, sai ya harare shi ya ce, "Farar ƙasa ta garu ce, ba ta ƙarfe ba." Na ji wannan magana har ta gundure ni, ina ma kwaikwayonsa don in ba masu cin tuwo dariya.

Ɗansa namiji guda ne, taubashina. Tun muna yara yake kirana baiwa ina kiransa bawa, kuma ba mugun mutum ba ne, gaskiya ɗaya ce. Ya yi lakol, wato boko, ya buɗe shagon buga hoto kusa da kasuwa. Abin da ya fi kawo masa ciniki shi ne sanarwar rasuwa: a kawo masa hoton mamaci, ya zagaye shi da jan wardi irin wanda ba mu taɓa gani a gonar kowa ba, ya rubuta addu'a a ƙasa, a yi ta turawa a salula, masu hali har su buga babba su rataya ranar arba'in. Da wardin ya gundure mutane, sai shegen wayo ya kai shi ga ɗaukar hoton shingen ubansa. Wata rana wata mai sayen tuwo ta miƙo mini salularta in ga sanarwar wani Alhaji mai hatsi da ciwon suga ya kashe. Ina dubawa sai ga furen maigidana, an jera shi sau goma kewaye da fuskar wani ƙato.

Ko mayafi ban tsaya gyarawa ba. Da muciya a hannu na isa shagon, na ce, "Kai bawa, mijin nawa ka mai da kwalliyar gawar wani?" Ya ce, "Haba baiwa, fure ne fa kawai." Allah ya so shi maƙwabta suka riƙe ni. Kawu da ya ji bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya kira shi gaban shinge ya ce, "Kuka ba haja ba ne." Daga ranar, wata guda cur, duk kwanon abincin da ya fito daga gidan ɗansa haka yake komawa a rufe.

Hotunan dai sun riga sun yi tafiya. Ta haka wani baƙo daga Yamai ya gan su, mai tara zane-zane yana nuna wa jama'a a wani babban ɗaki. Ya zo har tasha, mutum mai ladabi, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma. Ya ce wannan aiki fasaha ce ta zamani, ya ce makokin al'umma ne gaba ɗaya, ya ce bai kamata a bar shi rana da ruwa suna ci ba. Kawu ya sa aka kawo masa ruwa, ya bari ya gama tsaf. Sannan ya nuna wata tumfafiya da sanda ya ce, "Wannan wane ne?" Baƙo ya ce bai sani ba. Kawu ya ce, "Uwarsa na zuwa daga Gidan Rumji duk shekara. In ka tafi da shi, ina za ta sa hannu?" Ya raka shi har mota, ya yi masa fatan sauka lafiya.

Ranar bakwai da rasuwar Kawu sai ga baƙon nan ya dawo gaisuwa, ɗauke da wani zagayayyen abu na furannin roba da ƙyalle a jiki. Ya miƙa da hannu biyu. Maza suka dubi juna, ba wanda ya san inda ake ajiye irin wannan. Aka shigo da shi cikin gida, Inna ta juya shi ta sake juyawa, ta ce, "Faifai ne ko me? Ai tsakiyar a huje take." Ƙarshenta aka rataye shi a turken awaki, akuya ta shinshina ta kau da kai. Mata suka yi dariya a ɓoye, ni ban yi ba, don na san ba gaisuwa kaɗai ta kawo shi ba.

Ai kuwa kafin arba'in taubashina ya same ni a bakin murhu. Ya ce sun daidaita da baƙon, washegarin sadaka za a cire shingen. Ya ce, "Ki duba ƙasan kwanukan nan, tsatsa ta ci rabi. Damina biyu babu mai gyarawa, sun tafi. Can za a adana su." Abin haushin, ba ƙarya ya yi ba. Kuma gado nasa ne, ɗiyar ƙanwa ba ta da ko ƙusa a ciki. Na sauke girman kai na roƙe shi, abin da ban taɓa yi ba tunda muke, na ce a bar mini fallen ƙarshe kawai. Ya kira baƙon a salula a gabana. Na ji amsar da kunnena: aikin ba ya rabuwa, amma kada in damu, za a rubuta a takarda a gefe cewa na dukkan waɗanda hanya ta ci ne. Dukkan! Maigidana mutum guda ne, mai tsagar gado a kumatu da son tsokana, ba dukkan ba ne.

Washegarin arba'in ban ɗora tukunya ba. Na je ɗakin Kawu, gwangwanayen fentinsa duk sun daskare, sai ragowar farar ƙasa da aka shafe masallaci da ita. Zuciyata na tafasa, ban tsaya tunani ba, na dama ta a bokiti na ɗauki guntun tsintsiya. Na tsaya gaban furen na ce masa ya yafe mini, gara in rasa shi da hannuna da a kai shi inda baƙi za su tsaya kansa suna gyaɗa kai. Shafa uku ya ɓace. Ban san ina kuka da ƙarfi ba sai da na ji an dafa ni. Matar nan ce ta Gidan Rumji, ta kwana a gidanmu saboda sadaka. Ta karɓi tsintsiyar ta zagaya ta waje. Labari ya bazu cikin gari, iyaye da matan mamata suka riƙa zuwa, kowa ya san nasa, kowa ya shafe nasa, waɗanda ba su da kowa kusa direbobi suka shafe musu. Kafin azahar shingen ya yi fari fat. Kara ukun nan ne kaɗai suka rage kore shar, don babu wanda ya yarda ya taɓa su.

Baƙo ya iso da mota, ya tsaya gaban shingen yana kallo. Na gyara ɗaurin zane ina jiran ya ce ya fasa. Sai ya fito da abin ɗaukar hoto, ya ce wannan farin ya ma fi zanen farko ƙarfi. Lallai in Allah bai riƙe ka ba sai ka yi kisan kai! Aka ɓamɓare kwanukan, aka jera su a kan rufin mota, fallen ƙarshe shi ya zo a sama, aka ɗaure da igiya. Direba ya shiga, baƙo ya shiga, taubashina ya shiga don ya raka kayan. Na san zancen koren fenti, a gabana ake yi, amma duk da haka sai da na ƙirga su: mutum uku, kara uku. Na ga tsohon direban nan na Agiye ma leɓensa na motsi. Taubashina ya leƙo ta taga ya ce, "Baiwa, ba addu'a?" Bakina ɗaci, amma na ce, "Allah ya kiyaye hanya," kuma har cikin raina na faɗa.

Suka yi yamma. Na juyo, sai ga kwalta shimfiɗe a gaban murhuna, karo na farko cikin shekara tara.

Wajen la'asar gabas ta haɗe, hadarin farko na shekarar. Manoma na ta hamdala, 'yan kasuwa na kwashe kaya, ni ina zaune ban motsa ba. Ɗigon farko ya faɗo a bayan hannuna, inda farar ƙasa ta bushe. Na ga ta narke ta gangara, fatata ta fito. Nan take na ji muryar Kawu kamar yana tsaye bayana: ta garu ce, ba ta ƙarfe ba. Ni da nake kwaikwayonsa ina ba mutane dariya! Hadarinmu kuwa kowa ya sani, daga gabas yake tasowa ya bi yamma, hanyar da motar ta bi.

Gab da magariba salula ta yi ƙara, sunan taubashina. Kara ukun nan kawai nake gani. Na ɗauka, sai na ji muryarsa, ya ce lafiyarsu lau, sun tsaya a Maraɗi sun ci abinci, ruwa ya cim musu gab da shiga Gidan Rumji, sun faka a bakin wani ƙauye. Na san ƙauyen, shi ma ya san na sani. Ina jin ruwa na dukan mota. Sannan ya ce, "Yaya." Tunda aka haife shi bai taɓa kirana haka ba. Ya ce, "Na fita duba igiya. Ruwa ya wanke. Naki ne a sama."

Na buɗe baki in zage shi, in zagi baƙon, in zagi kaina. Abin da ya fito daban. Na ce, "Jan tsakiyar fa, yana nan?" Ya ce, "Kamar jiya aka zana." Na zauna cikin taɓo na yi kuka, kuma Allah ya sani rabin kukan na murna ne. Na so in ɓoye shi na kasa, na so in riƙe shi na kasa, amma ya kai inda mai shi yake kwance, wurin da ni ban taɓa zuwa ba. Ruwa na tsagaitawa suka wuce da shi.

Kawu, Allah ya ji ƙanka, ya yalwata maka makwanci kamar yadda ka yi mini inuwa, ya haɗa ka da mutanen da ka riƙe sunayensu har ka koma gare shi. Kai ba ka samu fure ba. Ranar da ka tafi dogon yaro ne ke zubar da nasa a bakin tasha, na lura, na riƙe, sai dai ban iya zane ba.

Yanzu murhuna kwalta yake kallo, kuma duk motar da ta tashi sai na bi ta da ido har ta ɓace. Taubashina ya ce an jingina kwanukan a wani ɗaki mai fitilu, mutane na zuwa kallo. Na tambaye shi kararen nan uku, ya ce suna nan tsaye yadda ubansa ya bar su. Shekara ba ta zagayo ba tukuna.